Dogon Funtuwa da Masallacin Babban Gwani

Tsakanin Funtuwa da Zariya akwai tafiyar kilomita 70 da 'yan kai. Tsakanin birnin Paris da wani gari da ke kudu maso yammacinsa, wanda Faransawa ke rubutawa Chartres, a bakinmu kuwa ya fi sauƙi a ce Shartar, akwai kusan kilomita 90. Duka hanyoyin biyu an shimfiɗa musu dogo, kuma a ƙarshen kowacce akwai wurin ibada da masana gini na duniya suka yi rubuce-rubuce a kansa. Mutumin Paris yakan karya kumallo a gida, ya hau jirgi a tashar Montparnasse, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya sauka, ya wuni yana kallon babbar majami'ar Shartar, ya komo kafin dare. Mutumin Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa kuwa, in ya ce zai fita Funtuwa ya hau jirgi zuwa Zariya don kawai ya ga aikin Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na birnin, sai a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Jirgin ya daina zuwa, hanyar tashar sai da addu'a, masallacin kansa kuma ya ga abin da ya gani. Yadda aka yi aka zo nan labari ne mai tsawo, kuma da auduga ya fara.

Yankin da ya kwaso daga Ƙanƙara, ya gangaro Faskari, ya bi ta Funtuwa da Ɗandume har Sabuwa, shi ne ake kira Katsina Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, ba kamar jigawar arewa ba. Damina ta fi daɗewa a nan. Tun kafin jihadi akwai garuruwa masu sarauta irin su Maska da Gozaki da Pauwa da Birnin Kogo, waɗanda marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayaninsu a littafinsa na tarihin Katsina. Har gobe sarautun na ɗauke da sunayen: hakimin Funtuwa Sarkin Maska ne, na Ƙanƙara Sarkin Pauwa. Arzikin ƙasar kuwa auduga ce. Mata su gurza su kaɗa, masaƙa su saƙa, marina su rina, abin da ya yi saura fatake su ɗora wa jakuna su nufi Kano. Bature ya tarar da audugar nan tana tafiya arewa, sai ya yi sha'awar juya akalarta zuwa teku.

A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta, don sun gaji da dogaro da audugar Amurka wadda farashinta ke hawa da sauka yadda ya ga dama. Suka ƙwallafa rai a kan Arewacin Nijeriya. Wannan buri yana cikin manyan dalilan da suka sa aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, a 1907, ya biyo ta Zariya, ya isa Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda aka zata ba. Manoman Kano suka auna suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ko kasuwa ta ƙi ana iya cinye ta a gida. 'Yar audugar da ake nomawa kuma masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja. Jirgin da aka kawo don auduga ya ɓuge da jigilar gyaɗa.

Turawa ba su haƙura ba. Suka kawo wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen, mai dogon zare wanda injinan Ingila ke so, suka gwada shi a ƙasar Zazzau, ya karɓa. Aka kafa tashar binciken noma a Samaru a shekarun 1920, a tsakiyar shekarun nan kuma aka buɗe babbar gonar yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Daga Daudawa ne irin da aka tace ke fita, a raba shi ga manoma ta hannun hakimai da dagatai. Mutane da yawa na wucewa ta Daudawa yau ba su san cewa akwai lokacin da gonakin auduga masu yawan gaske a Arewa da irin da ya fito daga wajen ake shuka su ba. Da iri ya samu, saura abin ɗauka. Nan aka ja reshen dogo daga Zariya, ya shiga Funtuwa, ya ratsa ƙasar Faskari, ya faɗa Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929.

Ba na cikin masu yi wa dogon mulkin mallaka kirari. Tun daga na Baro, aikin dogo a Arewa da gumin talaka aka yi shi. Joji ya ba sarki umarni, sarki ya ba hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida yana ƙidayar majiya ƙarfi. Ɗiban gwamna ake ce masa, kuma wanda aka ɗiba ba a tambayarsa ko ya gama girbi. Da diga da shebur da kwando a ka aka tara ƙasar da ƙarfen ya hau. Duba taswira kuma za ka ga manufar a fili: babu layin da ya haɗa Funtuwa da birnin Katsina, inda sarkinta yake, babu wanda ya nufi Malumfashi ko Ƙanƙara. Kowane reshe gangarawa yake yi zuwa babban layi, babban layi kuma zuwa bakin ruwa a Legas.

Wanda ya san kakar auduga a da ya san fuloti. Da hunturu ya fara busawa za a buɗe shi a bakin gari, fili ne da aka kewaye, da sikeli a rataye. Manomi ya ɗauro audugarsa a kan jaki tun da asuba, ya shiga layi. Malamin duba ya zura hannu can cikin ƙunshin, ya ciro tafi guda, ya buɗe a rana yana neman ganye ko tsakuwa ko alamar an yayyafa ruwa don ta yi nauyi. Bakinsa ake kallo, domin tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu akwai kuɗin da zai iya sayen zanen uwargida. A auna, a rubuta, a biya. Kafin kuɗin su ɗumama a aljihu masu karɓar haraji na nan kusa, don da gangan aka haɗa lokutan biyu. Daga fuloti motoci su kwashe zuwa gidan gurza, na Funtuwa ko na Malumfashi, inji ya raba angurya da zare, a matse zaren a ɗaure shi diloli, leburori su tura cikin tarago. A Funtuwa har yanzu akwai unguwar da ke amsa sunan BCGA.

Haka Funtuwa ta tashi daga ƙaramin gari ta shafe Maska, ta zama mahaɗar Yarbawa da Ibo da Nufawa da Larabawan kanti, ta zama gari na biyu a ƙasar Katsina. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suka zama masu kawo mata kaya.

Amma abin da aka yi don dila, mutum ma ya hau. A bayan taragun kaya akan jona na fasinja, masu bencin katako, kan jirgi na cin kwal ɗin Inugu yana watso toka ta taga. A kowace tasha 'yan talla su yanyame jirgin da rake da dafaffiyar gyaɗa da fura. Almajiri mai neman nahawu da fiƙihu ya hau zuwa zaurukan birnin Zariya, ɗan cirani ya hau, mai fataucin goro ya hau, marar lafiya ya hau zuwa asibitin Wusasa. Da Kwalejin da aka fara a Katsina ta koma Zariya a 1949, wadda yanzu ake kira Barewa, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ɗalibai da akwatunan ƙarfensu suka ƙaru. Ba don masu yawon buɗe ido aka tsara lokutan jirgin ba, kuma ba ya sauri. Duk da haka ya mayar da tafiyar da ayari ke kwana a hanya ta zama ta sa'o'i. Ga mutumin kudancin Katsina, Zariya ta fi birnin Katsina kusa, a ƙafa da kuma a hulɗa.

Tashar Zariya a Sabon Gari take. Daga nan mutum ya ƙetare Kubanni, ya ratsa Tudun Wada, ya shiga birni ta ƙofa, ya miƙe har ƙofar fada. Masallacin Juma'a yana nan daura da gidan sarki.

An gina shi ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shi ne sarki na uku bayan jihadi, bayan Malam Musa da Yamusa, kuma shi ne tushen gidan Katsinawa a cikin gidajen sarautar Zazzau. Ashe ke nan Bakatsine ba baƙo ba ne a wurin. Maginin da aka ba aikin shi ne wanda tarihi ya riƙe da laƙabin Babban Gwani. Wasu littattafai na kiransa Muhammadu Durugu, wasu Malam Mika'ilu. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar magina, kuma akwai unguwa a birnin da ke ɗauke da sunansa.

Sai mutum ya san kayan aikinsa kafin ya gane girman abin da ya yi. Babu siminti, babu ƙarfe, babu dogon katako. Abin da ke hannunsa ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta ruɓa, da tubali da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, sai azara da ake tsagawa daga gangar giginya. Azara tana da kirki ɗaya, gara ba ta cinta, tana da aibi ɗaya, gajeriya ce. In aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa ba ta iya ƙetare fili mai faɗi. Shi ya sa ɗakin talaka ke zama ƙarami. To yaya za a rufe wurin da jama'ar birni za su yi sahu a ciki?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini zai kafa azara a jikin ginshiƙi, ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure ta ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe. Ya ɗora wata a kanta, ta zarce ta farko kaɗan, ta ƙara sunkuyowa. Haka zai yi ta yi daga wannan ɓangare, abokin aikinsa na yi daga wancan, hawa-hawa, har hannuwan biyu su haɗu a sama su riƙe juna. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. A tsakankaninsu sai a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, rufin ya taso ya yi tulluwa. Daga waje a shafe da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, don ruwa ya zame ya bi indararo. Duk maginin kirki a ƙasar Hausa ya san wannan. Abin da Babban Gwani ya yi daban shi ne ya kai dabarar iyakarta. Ya tsayar da manyan ginshiƙai, wasu bibbiyu a manne, ya fitar da bakuna daga jikinsu suna tashi kamar reshen giginyar da aka tsago su, ya bi jikin ginshiƙan da zane mai zurfi, na layuka da kusurwoyi da da'ira, ba tare da cika ado irin na gidajen attajirai na baya ba. A harabar kuma ya yi ɗakin shari'a da zaurukan shiga masu wurin alwala. Wanda ya shiga da tsakar rana, idonsa sai ya ɗan jima kafin ya saba da duhun, sanyi kuma ya tarbe shi tun daga bakin ƙofa.

Labarin ƙarshensa ya taɓo maƙwabtanmu. Ana cewa bayan ya gama na Zariya, sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da aka gama kuma ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka a riƙe shi da hannu biyu-biyu. Amma ko ba komai ya nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki gwaninta: abar kishi ce tsakanin sarakuna. Birnin Gwari kuwa ita ce ke iyaka da Sabuwa da Faskari ta yamma da kudu.

Wanda ya rage da sauran rana yana iya fita birni ya nufi Wusasa, inda akwai gini na biyu da ya cancanci a gani. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya shigo ƙasar Hausa a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya Miller ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani yana koyarwa. A 1929, shekarar da dogo ya isa Ƙauran Namoda, mishan ɗin ya koma Wusasa a gindin dutse. Cocin da suka gina a can, na Saint Bartholomew, ba su kwaikwayo na Ingila ba. Maginan Hausa ne suka yi shi da ƙasa da azara da bakan gizo, da hannun da ya gaji na masallacin birni. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi ya yi makaranta, daga nan Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ya fito, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 da aikin Miller a cikinsa. Yau garin mazaunin bishop ne na ɗarikar Angalika. Hausawa Kirista na ƙasar Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara sun san Wusasa sarai. A ganina babu darasin zaman tare da ya kai a kai yaro ya tsaya ƙarƙashin rufin nan biyu a wuni ɗaya, ya ga cewa magina ɗaya ne.

To, bari mu leƙa Shartar mu ga abin da su suka yi da nasu. Gobara ta cinye tsohuwar majami'ar garin a 1194. Aka tashi sabuwa da dutse, akasarin aikin cikin shekara 30, aka keɓe ta a 1260 a gaban Sarki Luwi na Tara. Tambayar da ta sha wa maginanta kai ita ce ta Babban Gwani: yaya za a ɗaga rufi mai nauyi a kan fili mai faɗi? Su ma da bakuna masu gittawa suka amsa, sai dai na dutse, suka tokare bangon daga waje don ya samu damar ɗaukar manyan tagogi. Tagogin nan fiye da 150 na gilashi mai launi su ne abin da ake zuwa kallo, kuma a ƙasan da yawa daga cikinsu an zana masu sana'a suna aikinsu: mahauta, masu gashin burodi, dukawa, kafintoci. Hasumiyoyinta biyu ba su yi kama da juna ba, ɗaya mita 105, ɗaya 113, don ƙarnuka ne tsakanin ƙarasa su.

Ginin bai tsira don dutse ne kawai ba. A 1836 wata gobarar ta cinye katakon rufinsa, gwamnati ta mayar da na ƙarfe da tagulla. A daidai shekarun da Babban Gwani ke aiki a Zariya, Faransa ta naɗa jami'i na musamman mai zagaya ƙasa yana duba tsofaffin gine-gine, ta fitar da jerin farko na waɗanda za a kare a 1840. Dogo ya iso Shartar a 1849, kuma tun daga lokacin jirgi ke sauke baƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato a 1939, sai da aka kwance tagogin ɗaya bayan ɗaya aka ɓoye, aka mayar bayan yaƙi. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1979. Su ma suna rigima a kan gyara. Da aka wanke cikinta aka shafa mata launi mai haske a 'yan shekarun baya, masana sun yi ta cacar baki. Amma rigima ce ta mutanen da suka damu. Baƙon da jirgi ya kawo shi ke cin abinci a garin, shi ke sayen tsaraba, shi ke komawa ya ba da labari, kuma idonsa ne ke sa hukuma jin kunyar barin tsaga a bango. Ginin da ba a zuwa gani ba shi da mai yi masa kuka.

Mu namu ya bi wata hanyar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ginin ƙasa ya zama abin kunya a idon masu mulki da masu kuɗi. Aka maye tsohon masallacin Kano da sabo a farkon shekarun 1950, na Shehu da na Bello a Sakkwato aka sake su a zamanin Sardauna. Na Zariya ya yi sa'a rabi da rabi. A shekarun 1970 aka rushe sassansa na waje, aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe tsohon zauren salla a cikinsa. Kafin haka wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ciki da bai ya zana, ya kuma sa aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ba don shi ba da siffar masallacin ta asali sai a bakin tsofaffi. Abin takaici ne a ce sai da mutum ya taso daga Folan, amma Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi: kowace shekara kafin damina a hau a duba, a yi yaɓe, a share indararo. Mutanen Jenne a Mali sun mayar da wannan biki, gari duka ya fito a yaɓe masallaci a wuni ɗaya, shi ya sa nasu ke tsaye. Inda aka rufe ƙasa da siminti kuwa, laima na iya shiga ta yi ta ci ba a gani. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu nan take, Allah ya jiƙansu. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Daga baya aka buɗe asusun sake gina shi.

Shi kuma dogo mutuwarsa a hankali ta zo. An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a 1964 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara 10 bayan haka ba su kai miliyan 5 ba. Kwalta ta bi gefen dogo daga Zariya zuwa Gusau, manyan motoci suka ƙwace kayan. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kwashe abin da ake lodi daga Ƙauran Namoda da Gusau. A 1975 ɗin aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Ya kawo taki da hanyoyin karkara, ya yaɗa masara, amma duk a kan mota aka gina shi. An kawo Indiyawa su gyara hukumar jirgi a 1979, suka tafi, aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, fuloti ya watse, iri ya gauraye. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, sauran suka bi ta. Da babu dila, babu wanda ya ga dalilin tura kan jirgi Funtuwa saboda almajiri da mai goro. An dawo da jirgin Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, an kuma yi maganar farfaɗo da reshenmu, amma bai zama abin da mutum zai dogara da shi ya shirya tafiya ba. Ciyawa ta rufe layin a wurare da yawa, ɓarayin ƙarfe na yi masa ɗauki ɗai-ɗai.

Sannan ga abin da ya fi duka. Dazuzzukan da suka haɗa Faskari da Sabuwa da Birnin Gwari da Zamfara suka zama mafakar 'yan bindiga. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa. Jirgin ma bai tsira ba: ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa wa na Abuja zuwa Kaduna bam, aka kashe wasu, aka tafi da wasu daji. Na san mai karatu a Sabuwa zai ce, wanda bai iya zuwa gonarsa ba ina shi ina yawon kallon gini? Gaskiyarsa. Sai dai tashar da ke aiki tana tara ma'aikata da 'yan kasuwa da jami'an tsaro da fitila, kuma daji ya fi jin daɗin wurin da hukuma ta kwashe kayanta ta tafi.

Faransawa sun gwada mana abin da ake yi bayan masifa. Majami'ar Notre-Dame ta Paris ta ƙone ranar 15 ga Afrilu 2019. Aka yi ta muhawara ko a yi mata sabon salo, a ƙarshe aka yanke a mayar da ita yadda take. Aka nemo kafintocin da suka iya sassaƙa itace da gatari irin na da, aka horar da matasa a kan aikin, aka buɗe ta a Disamba 2024. Sana'ar da ta kusa ɓacewa ta samu sababbin hannuwa ta dalilin gobara. A ƙasar Zazzau da Katsina har yanzu akwai tsofaffin magina da suka iya ɗaurin guga, sai dai 'ya'yansu bulo suke bugawa, giginyar ma ana ta sarewa ba a dasawa.

Yanzu ana shimfiɗa sababbin layuka biyu a Arewa, duka an ƙaddamar da su a 2021. Na Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Na Kaduna zuwa Kano zai bi ta Zariya. Babu wanda ya waiwayi Katsina Laka, yankin da ke cika kasuwannin Ɗandume da Sheme da Funtuwa da masara da dawa da waken suya da shanu, kayan da jirgi ya fi kowa iya ɗauka. 'Yan majalisar da ke wakiltar Funtuwa da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, a Abuja da Katsina, ya kamata su riƙa tambaya a kowane kasafin kuɗi ina aka kwana kan reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, su nemi amsa a rubuce. Masarautar Zazzau da masu ba da gudummawar masallaci kuma muna roƙonsu, duk abin da ya rage na hannun Babban Gwani, ko ginshiƙi ɗaya ne, ko guntun azara, a adana shi inda jama'a za su gani, a kuma ɗauki maginan gargajiya aiki tare da yaran da za su koya a wurinsu tun suna da rai.